Ranar da Na Kai Baba Kamfanin Motoci

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum warahmatullah. Gaisuwa mai tarin yawa daga ƙaninka, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka baki ɗaya. Allah Ya ƙara maka ƙwarin jiki, Ya sa albarka a nemanka, Ya tsare ka daga abin ƙi a inda kake. Mu ma nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Inna na nan tana fama da gwiwar nan tata, in ta zauna tashi ya zama aiki, amma ka san halinta, ba ta yarda a ce ba ta da lafiya, wai gwiwar ce ba ta da lafiya, ita kam garau take. Auta ta shiga ajin ƙarshe, ta ƙara tsawo har ta kusa kamo ni, bakinta kuwa ya wuce nawa tuntuni. Ni kuma ina nan da tuƙin motar makarantar koyon sana'ar nan, safe in kwaso yara, yamma in mayar da su, mun gode Allah.

Ka san ni da biro ba mu cika shiri ba, don haka in ka ga na zauna na cika takarda, to dalili ne ya sa. A waya ba na samun yadda zan yi maka wannan magana. Ko dai Baba na zaune kusa da ni yana jiran in miƙa masa, ko kuma da na fara sai ka ce ai yanzu kuka gama hira da shi, ka ji shi lafiya lau, har ya ba ka labarin motar da ya gyara tun kafin a haife ni bai manta ko noti ɗaya ba. Gaskiya ne, Yaya, tsohon labari ba ya kuskure masa. Na jiya da na yau ne suke zubewa. Maganar da nake so mu yi ita ce dai wadda muka daɗe muna ja a kanta, wato zuwan Baba gareji. Kai kana cewa a bar shi, aikin ne ke riƙe da shi, ranar da aka raba shi da sifana ranar za a kwantar da shi. Ban taɓa cewa ba ka da gaskiya ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ina so ka ji abin da idona ya gani.

Na taɓa gaya maka a gurguje cewa Dogo, babban yaron Baba na gareji, shi ke bin bayansa yanzu. Ban gaya maka yadda abin ya kai ba. Duk motar da Baba ya taɓa, sai Dogo ya yi dabarar aiken sa shan ruwa ko ya ce ana kiransa a bakin titi, sannan ya zagaya ya sake bin aikin. Kwanakin baya wata mata ta kawo mota a canza mata birki, Baba ya yi aikin tsaf kamar yadda ya saba, ya mayar da taya, ya sa notuna da hannu, ya sauke jak, ya goge hannu ya ce mata ta tafi Allah Ya tsare. Bai ɗaure ko ɗaya da sifana ba. Da yara biyu a bayan motar. Dogo ne ya bi ta da gudu har bakin titi yana dukan but ɗin motar, ya ce mata wai ya manta tsummansa a ƙarƙashi, ya tsuguna ya ɗaure notunan. Da yamma ya same ni. Ya ce shi ba zai iya ce wa mutumin da ya koya masa riƙe sifana ya ajiye sifana ba, amma in sani shi ma mutum ne, wata rana zai shiga bayi ko ya tafi sayen kaya, mota ta fita.

Ana cikin haka makarantarmu ta shirya kai 'yan ajin kanikanci ziyara kamfanin da ake haɗa motoci, da gidan tarihin motocin da ke jikinsa. Ni zan tuƙa su. Ina faɗa a gida wajen cin abinci, sai Baba ya ajiye cokali. Ya ce shi duk tsawon rayuwarsa jinyar motoci yake yi, bai taɓa ganin inda ake haihuwarsu ba. Bai ce in tafi da shi ba, ka san ba ya roƙo, amma ya maimaita maganar har Inna ta harare ni. Washegari na samu malamin da zai jagoranci tafiyar, wanda yara ke kira Malam Awo saboda komai sai ya ce a auna, na roƙe shi. Mutumin kirki ne, ya ce akwai kujera, kuma ai samun tsohon bakanike a cikin tafiya riba ce ga yara. Ni kuma a raina na ce ko ba komai an samu yini guda da hannun Baba bai kusanci birkin kowa ba, Dogo ma ya huta.

Da sassafe muka tashi. Baba ya riga kowa shiri, ya sa kayansa masu kyau, ya shafa turare, ya zauna a kujerar da ke bayana. Hanyar tana da nisa, ga cunkoso, ga yara. Waɗannan na waƙa, waɗancan na faɗa a kan taga, wata ta yi amai sai da na tsaya aka wanke, wani ya manta katinsa na makaranta ya kama kuka kamar ba saurayi ba. Kafin mu yi rabin hanya sun saba da Baba, sun sa masa suna Babban Injiniya. Duk motar da ta wuce mu sai su tambaye shi me ke damunta, shi kuma ya karkata kunne ya ba su amsa, wannan fulogi take so, waccan mai ita ne ba shi da hankali. Suka yi ta dariya. Ban san ko daidai yake faɗa ba, su ma ba su sani ba, amma rabon da in ji muryarsa ta ɗaga haka har na manta. A lokacin na ce a raina ashe Yaya ya fi ni gaskiya.

Mun daɗe a bakin ƙofar kamfanin a rana kafin a bar mu mu shiga. Aka karɓe wayoyin kowa aka kulle, aka ba mu riguna masu ƙyalli da hular kwano da tabarau, da wani abu da ake maƙalawa a kunne don jin bayanin mai zagayawa da mu. A ƙa'ida direba a mota yake zama, ni ma da na so in miƙe ƙafa in ɗan runtsa, amma ba zan bar Baba ya shiga shi kaɗai ba. Hular ta yi masa yawa, tana saukowa har kan girarsa. Ya ƙi sa abin kunnen, ya ce ba ya toshe kunne a inda inji ke aiki.

Yaya, gani ya kori ji. Wurin ɗaki ɗaya ne amma ba ka ganin ƙarshensa. An ja layi ruwan ɗorawa a ƙasa, aka ce duk wanda ya taka waje da shi za a fitar da mu gaba ɗaya. Gangar jikin motoci na tafe a sama a rataye, ba taya ba gilashi, kamar naman da aka feɗe. Akwai wasu manyan hannuwan ƙarfe a cikin keji, ba mutum a jikinsu, su sunkuya su yi walda, tartsatsi ya tashi, su miƙe, wata motar ta zo su sake sunkuyawa. Can gaba mutane ne a jere, kowa da abu ɗaya da yake yi. Na tsaya ina kallon wani saurayi sa'ana, aikinsa sa robar ƙofa. Ya ɗauko, ya danna, ya bi da tafin hannu, mota ta wuce, ya ɗauko wata. Ko sau ɗaya bai ɗago ya kalle mu ba. Ni da nake kukan gajiyar sitiyari sai na ji kunyar kaina.

Baba kuwa duk ma'aikacin da muka wuce sai ya ɗaga masa hannu ya ce sannu da aiki. Ba wanda ya amsa, don kunnuwansu a toshe suke, ga ƙara. Bai fasa ba har muka kai ƙarshen layi. Abin da ya fi ba shi mamaki ƙasan wurin, ya yi ta dubawa ya ce mini ko ɗigon baƙin mai babu, kuma bai ga mutum ɗaya da tsumma a aljihu ba, anya kuwa mota suke yi a nan? Da muka zo inda ake ɗago inji daga ƙasa a haɗa shi da gangar jiki, ya tsaya cak har sai da na ja hannunsa. A ƙarshe inda ake tayar da sabuwar mota karon farko, ya sa wata yarinya ta tambayar masa wane ne ke saurarar injin. Mai bayanin ya ce kwamfuta ce ke dubawa, ta fi kunne. Baba ya gyaɗa kai ya ce to Allah Ya ba ta lada. Yara suka fashe da dariya, har mai bayanin. Amma daga nan sau biyu ya tambaye ni ko mun rufe gareji kafin mu fito. Na ce Dogo na can. Na ɗauka gajiya ce, don tun safe yake tsaye.

Bayan mun ci abinci aka mayar mana da wayoyi, aka kai mu gidan tarihin. Wuri ne mai sanyi, ƙasa na sheƙi kamar madubi, ga tsofaffin motoci an jere, kowace an kewaye ta da jan igiya, an kafa allo a gabanta. Akwai masu tayar katako, akwai wadda ake tayarwa da hannu daga gaba, akwai wata doguwa baƙa da aka ce ta manyan mutane ce a zamaninta. A ƙarƙashin wasu an ajiye faranti don tarar mai. Baba ya farfaɗo, yana nuna wa yara wannan ya taɓa gyara irinta, waccan lagiretonta ba ya jure zafi. Ana haka wani mai gadi ya shigo yana neman direban makaranta, wai na tare hanyar manyan motocin da ke kawo kaya, in zo in matsar. Na zaunar da Baba a wani benci, na ce ya jira ni yanzu zan dawo, na roƙi yarinyar nan ta sa masa ido. Inda aka nuna mini in ajiye motar can bayan kamfani ne, sai da na yi doguwar tafiya a ƙasa kafin in dawo.

Tun daga ƙofa na ji muryarsa. Ka san muryar da yake yi in yaro ya ɓatar da kayan mutane a gareji, wadda muke ji tun daga gida mu shige ɗaki? Ita ce. Na kutsa cikin yara na same shi a cikin igiya, gaban wata koriyar mota irin waɗanda suka cika garejinsa muna ƙanana, masu zagayayyun fitilu. Ya tuɓe rigarsa ta sama ya ninke ta a kan benci, ya naɗe hannun ta ciki, ya buɗe bonet. Yarinyar ta ce ita juyawa kawai ta yi a ɗauke ta hoto, ta waigo ta ga har ya tura hannu ta ƙasa ya saki makullin, abin da ko masu gadin wurin ba su san inda yake ba. Ta ce da farko cikin natsuwa yake, yana cewa mai motar zai zo da yamma, bari ya duba ta. To da ya ɗaga murfin, Yaya, babu inji a ciki. Wayam, sai ƙarfen da aka goge aka yi wa fenti.

Shi Baba a tunaninsa a garejinsa yake. An kawo masa amanar mota, an sace injinta. Ya riƙe hannun rigar wani mai gadin wurin gam yana tambayarsa a ina ya kwana, wa ya buɗe wa ƙofa. Yana ƙwala wa yaransa na gareji kira ɗaya bayan ɗaya, yaran da wasunsu sun yi jikoki, wasu sun rasu mu muka kai su. Yana cewa tunda ya buɗe gareji ko madubin mutum bai taɓa ɓata a hannunsa ba, da wane ido zai kalli mai motar nan. Mai gadin yaro ne, ya rasa yadda zai yi, yana ta cewa Baba ka sake ni, Baba ka fito daga igiya. Wasu daga cikin ɗalibai na dariya don sun ɗauka wasan safe ne ake ci gaba da shi, wani ya ɗaga waya, Malam Awo ya kaɗe hannunsa ƙasa. Da Baba ya gan ni sai ya kira ni da sunanka. Ya ce maza in je in rufe babbar ƙofa, kada kowa ya fita.

Ban gyara masa ba, na amsa. Na waiga na hango wani inji a kan teburin ƙarfe a ɗaya gefen ɗakin, na gane irin na motar ne. Sai dabara ta zo mini, na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ni na sa aka sauke injin a wanke, ga shi can. Ya saki mai gadin. Ya ce don me ban gaya masa ba, na ce na manta ne, ya ce kullum haka nake. Na riƙe hannunsa muka tsallake igiya muka nufi wurin, yara suka dare mana. Ban san abin da ke gabana ba, don ta baya na hango shi. Da muka zagaya sai ga shi an yanka injin gida biyu daga sama har ƙasa, don masu kallo su ga cikinsa, an shafa wa bakin yankan jan fenti. Fistin a waje, komai a waje. Baba ya tsaya yana kallo. Ya sa yatsa ya bi bakin yankan a hankali. Bai yi faɗa ba, bai sake kiran kowa ba. Ya juyo ya tambaye ni, da sunanka, a hankali, me ya yi mini da zan yi masa haka. Sannan ya zauna a ƙasa, a kan wannan daɓe mai sheƙi, ya haɗa kai da gwiwa.

Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Malam Awo ya kwashe yara ya yi gaba da su wani ɗakin. Shugabar wurin ta fito daga ofis, wata dattijuwa mai tabarau, na miƙe ina shirin ba da haƙuri, ta ɗaga mini hannu. Ta sa aka kawo kujera da ruwa, ita da kanta ta mayar da bonet ɗin ta rufe, ta goge shatin hannun Baba da gefen mayafinta. Ta ce mini ita ma ta yi jinyar mahaifiyarta a kan irin wannan, tana tashi da rana tsaka ta ce za ta je ɗauko yara daga makaranta, yaran da suka yi furfura. Ta tambaye ni ko Baba ya daina aiki. Na ce a'a, yana zuwa kullum. Ta dube ni ta saman tabarau kawai. Wallahi Yaya da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

A hanyar dawowa yara duk sun yi laushi, mafi yawa sun yi barci, ba waƙa ba Babban Injiniya. Rana na faɗuwa a idona, bayana kamar an sassara shi. Baba na bayana, ina ganinsa ta madubi yana kallon hannuwansa. Mun yi nisa sai ya matso ya dafa kafaɗata, ya kira ni da sunana, nawa na kaina. Ya tambaye ni wurin nan da muka je, ba wurin da ake ajiye motoci don kallo kawai ba ne? Na ce shi ne. Ya ce motar nan ba ta kowa ba ce ke nan, ba mai zuwa ɗaukarta. Na ce babu. Muka wuce wani gari. Sannan ya tambaya ko yaran sun gani. Na ce yara ne, gobe sun manta. Ya ce shi ma gobe ya manta, abin da ke ba shi tsoro ke nan. Ya ce in saurare shi da kyau tunda yanzu kansa na wurin. Mutumin da bai san inda yake tsaye ba, ba shi da hurumin taɓa motar da za a sa rai a ciki. In ya tashi gobe zai tafi gareji in hana shi, ko zai zage ni, ko zai tsine mini, in tsaya a ƙofa. Ya sa na ce na yi alkawari. Na ce na yi, idona a kan hanya, don ban iya juyowa ba.

Shugaban makaranta ya kira ni ya ja mini kunne a kan ɗaukar wanda ba ɗalibi ba, Malam Awo ya shiga tsakani, maganar ta mutu a nan. Wannan ba komai ba ne, kada ya dame ka.

Washegarin tafiyar da safe ina ɗaura takalmi sai ga Baba ya fito cikin shuɗiyar rigar aikinsa, makullan gareji a hannu, yana tambayar Inna ina tsummansa. Babu kamfani a kansa, babu gidan tarihi, babu abin da ya faɗa mini a mota. Na tashi na tsaya a bakin ƙofa. Ya ce in matsa, na ce Baba yau ba za ka je ba. Ya ɗauka bai ji daidai ba, na maimaita. Inna na tsaye da tsumman a hannu, Auta ta leƙo ta koma. Na shirya wa zagi, na shirya wa mari ma. Sai kawai ya tambaye ni ko kai ne ka ce. Na ce a'a. Ya ce to wane ne? Na ce shi da kansa ne ya ce, jiya, a mota. Ya ce ƙarya nake yi, shi bai shiga wata mota jiya ba, kuma ko shekaranjiya ka ce masa ya ci gaba da aikinsa Allah Ya ƙara ƙarfi, to tun yaushe ƙarami ke warware maganar babba a gidan nan. Na ce ya yi haƙuri, ban matsa ba. Ya daɗe yana kallona kamar yana neman inda ya san ni. Daga baya ya koma kan tabarma ya zauna, ya cire takalmansa ya jera su, ya ajiye makullan a gefe. Na fita na tayar da mota na kasa ganin hanya, sai da na tsaya a gefen titi kafin in isa wurin yaran farko.

Tun daga ranar haka muke yi kowace safiya, daga farko. Shi a wurinsa kullum ranar ce ta farko da ɗansa ya tare masa ƙofa. Wata rana ya zauna da sauƙi, wata rana ya faɗa mini maganganun da ba zan rubuta maka ba, wata rana ya yi ta roƙona kamar ni ne uban, wannan ce ta fi ciwo. Kuma kowace rana sai ya tambaya ko kai ne ka ce. Da rana Inna ke fama, ta kulle ƙofa ta ce makulli ya ɓata, ga gwiwa. Dogo na zuwa da yamma ya zauna da shi ya ba shi labarin aikin ranar, ya nemi shawararsa a kan abin da ya riga ya gyara. Allah Ya saka wa Dogo.

Ba ƙara nake kawo maka ba, Yaya, kuma ban ce ka yi laifi ba. Kai muryarsa kake ji, muryar kuwa ba ta tsufa ba. Amma na gaji, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da nake roƙo biyu ne. Na farko, in kun yi waya kada ka ƙara ce masa ya ci gaba da aiki, ko da wasa, don maganarka na zama a kansa fiye da komai, da ita yake yaƙata da safe. Na biyu, ka nemi hutu ka zo. Ka zauna a gabansa ka ce masa da bakinka ya huta, aikinsa ya isa, ka karɓi makullan da hannunka. Wataƙila ita ma ya manta da ita washegari, ban sani ba. Amma ko ya manta, in ya tambaye ni ko kai ne ka ce, zan iya cewa e, kai ne, ba tare da na yi wa mahaifina ƙarya ba. Kafin ka zo ina nan, alkawarin da ya sa na ɗauka ban sauke ba. Gobe da safe ma zan tsaya a ƙofar.

Ka gaishe mini da matarka da kyau, ka ce mata Inna na yaba maganin shafawar da ta aiko, ko da yake ta ce gwiwar ce ke godiya ba ita ba. Ka shafa mini kan takwaran Baba da 'yar ƙaramar da ban gani ba tukuna, ka ce baffansu na gaishe su. Inna na sa maka albarka. Auta ta ce a gaishe ka amma wai ta yi fushi ba ka kira ta ba. Dogo ma na gaisuwa. Baba na zaune a tsakar gida yanzu, na gaya masa kai nake rubuta wa, ya ce in ce maka ka riƙa duba man motarka kafin ka tayar da ita.

Allah Ya sada mu da alheri, Ya ba Baba sauƙi, Ya ba mu ikon yi masa abin da ya yi mana.

Wassalam,
Ƙaninka direba.